Mariya Tereza, Sarauniyar da ke bisa Liyari

A ƙasar Hausa akwai wani tsohon kuɗin azurfa da ake kira liyari. Ya fi kuɗin ƙarfe na yanzu faɗi da nauyi. Maƙeran farfaru sun san shi sarai, domin azurfarsa tana da kyau wajen ƙirar munduwa da zobe. Har yanzu akan same shi cikin kayan adon tsofaffi, a Gobir da Katsina da Damagaram da Abzin. A fuska ɗaya akwai hoton wata mace mai jiki, da lulluɓi bisa kanta. A ɗaya fuskar akwai gaggafa mai kai biyu, da shekarar 1780. Matar nan sunanta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wata ƙasa da ke tsakiyar Turai. Ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba, amma fuskarta ta shiga kasuwanni tun daga Yaman har Kano. Ga tarihinta.

1. Haihuwarta da ƙuruciyarta

An haifi Mariya Tereza ran 13 ga watan Mayu na 1717, a birnin Biyana, bakin kogin Danub. Sunan ubanta Sharl na shida, daga gidan sarautar Habsburg. Yana mulkin Ostiriya da Hangari da Bohemiya, da wasu ƙasashe a Italiya da Beljika. Mutanen ƙasashen nan kowa da harshensa, kowa da dokokinsa. Sarki guda ne kaɗai ya haɗa su.

Sarki Sharl yana da babbar damuwa. Ɗa namiji guda da ya samu ya rasu yana jinjiri a 1716. Tun a 1713 sarkin ya kafa doka cewa ba za a raba ƙasashen gidansu ba, kuma in babu namiji, mace tana iya gadon sarauta. Ya yi shekaru yana lallashin sarakunan Turai su yarda da wannan doka. Ya bar wa wasu ƙasa, ya bar wa wasu hanyar ciniki, har suka sa hannu.

Duk da haka bai koya wa ƴarsa aikin mulki ba, don yana sa ran zai sake samun namiji. Yarinyar ta koyi Latinanci da Faransanci da Italiyanci, ta koyi tarihi da kiɗa da waƙa. Amma ba a yi shawara da ita kan haraji ko soja ba.

A 1736 aka ɗaura mata aure da Faransuwa, sarkin ƙaramar ƙasar Loren. Tun suna yara suka san juna, kuma tana ƙaunarsa ƙwarai. Saboda auren nan sai da Faransuwa ya rabu da ƙasar kakanninsa, aka ba shi ƙasar Toskana ta Italiya a madadinta.

2. Gadon sarauta da yaƙi

Sarki Sharl ya rasu ran 20 ga watan Oktoba na 1740. Mariya Tereza tana da shekara 23, kuma tana da ciki. Ta tarar baitulmali kusan babu kome. Sojoji sun gaji da yaƙin Turkawa, fadawan ubanta kuma duk sun tsufa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sarakunan da suka sa hannu suka manta da alkawarinsu. Cikin watan Disamba na wannan shekara, Feredarik na biyu, sarkin Furusiya, ya shiga lardin Silesiya da rundunarsa. Silesiya lardi ne mai arziki, mai masaƙa da ma'adinai. Sarkin Babariya ya ce shi ne magaji, Faransa ta goya masa baya. A ƙarshen 1741 suka ci birnin Firag, babban birnin Bohemiya. Wasu daga cikin fadawa suka ba sarauniya shawara ta saki wani yanki na ƙasa don a zauna lafiya. Ta ƙi.

Ta nufi Hangari, inda aka naɗa ta a watan Yuni na 1741. Cikin watan Satumba ta tsaya gaban majalisar manyan ƙasar a birnin Firesburg, wanda yau ake kira Biratislaba. Ta yi musu jawabi da Latinanci, ta nuna musu halin da take ciki, ta roƙi taimakonsu. Ta kuma yi alkawarin kiyaye tsofaffin dokokinsu. Manyan Hangari suka yarda su ba ta mayaƙa. Wannan ya nuna wa Turai duka cewa gidan Habsburg bai faɗi ba.

Daga nan al'amari ya fara juyawa. A 1742 sojojinta suka shiga Munik, babban birnin Babariya, suka kuma karɓe Firag. A 1743 aka naɗa ta sarauniyar Bohemiya. An yi shekara takwas ana yaƙi. Da aka yi sulhu a 1748, ta riƙe yawancin ƙasashen ubanta, amma Silesiya ta tafi hannun Furusiya.

Rashin Silesiya ya tsaya mata a rai. A 1756 ta ƙulla abota da Faransa, tsohuwar abokiyar gabar gidansu, aka sake shiga yaƙi da Feredarik. Wannan karon shekara bakwai aka yi. Mutane masu yawan gaske suka mutu, garuruwa suka ƙone, bashi ya hau kan ƙasa. A 1763 aka yi sulhu, Silesiya tana nan hannun Furusiya. Tun daga lokacin sarauniya ta tsani yaƙi.

3. Gyaran ƙasa

Yaƙin farko ya koya mata darasi. Ta gane Furusiya ta fi ta tsari, shi ya sa ta fi ta ƙarfi. Sai ta nemo mutane masu ilmi ta ba su aiki, ko da ba daga manyan gidaje suka fito ba.

Da can talakawa ne ke ɗauke da nauyin haraji, masu sarauta da shugabannin coci kuwa ba su biyan abin kirki. Ita da wazirinta Haugwits suka sa kowa ya biya. Da kuɗin aka kafa rundunar soja ta dindindin mai mutum 108,000. A 1751 ta buɗe makarantar horar da hafsoshi. A 1754 aka ƙidaya mutanen ƙasa. Ta rage yawan kwanakin aikin tilas da manoma ke yi a gonakin iyayen gijinsu. A 1776 ta yarda aka hana azabtar da wanda ake tuhuma don ya amsa laifi.

Mariya Tereza ta haifi ƴaƴa 16, mata 11 da maza 5. Goma ne suka girma. Ciwon agana ya kashe uku daga cikin ƴaƴanta, ita ma ya kama ta a 1767, da ƙyar ta tashi. A lokacin nan likitoci kaɗan ne suka iya wata dabarar rigakafi. Sukan tsaga fatar mai lafiya, su sa ɗan ruwan ƙurjin agana, sai ciwon ya zo masa da sauƙi, ba ya kuma sake kama shi. Mutane da yawa suna tsoron abin. A 1768 sarauniya ta sa aka yi wa ƴaƴanta na cikinta, don talakawa su gani su yarda. An daɗe ana fama da agana bayan zamaninta. Sai a 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya.

Aikinta da aka fi tunawa shi ne na makaranta. Ran 6 ga watan Disamba na 1774 ta sa hannu kan dokar da ta ce kowane yaro, namiji ko mace, daga shekara 6 zuwa 12, ya shiga makaranta. Wani malami mai suna Felbiga ne ya tsara dokar. Aka ce a buɗe ƙaramar makaranta a ƙauyuka, inda za a koyi karatu da rubutu da lissafi da addini. A babban birnin kowane lardi kuma aka kafa makarantar horon malamai. Manoma da yawa ba su so ba, don suna bukatar yaransu a gona da kiwo. Kuɗi ma bai isa ba. An ɗauki shekaru masu yawa kafin dokar ta kai ko'ina, amma daga nan aka faro.

4. Inda ta yi zalunci

Tarihin mai mulki ba ya cika sai an faɗi alherinsa da laifinsa. Mariya Tereza Kirista ce ƴar ɗarikar Katolika, kuma ba ta da haƙuri da masu wani addini. A ƙarshen 1744 ta ba da umurni a kori Yahudawa daga birnin Firag. Dubban mutane suka bar gidajensu cikin tsananin sanyi, har da tsofaffi da jarirai. Ciniki ya lalace a birnin, sai a 1748 aka bar su suka dawo, bayan an ɗora musu haraji mai nauyi. Kiristoci ƴan ɗarikar Furotesta ma ba su tsira ba. An kwashe wasunsu daga ƙauyukansu an kai su lardin Taransilbaniya mai nisa, wasu har an raba su da ƴaƴansu.

A 1772 Rasha da Furusiya suka shirya yanke wa kansu yankuna daga ƙasar Polan. Sarauniya ta san abin ba daidai ba ne, ta kuma nuna baƙin cikinta. Duk da haka ta karɓi nata rabo, wato lardin Galisiya. Abin da Feredarik ya yi mata a Silesiya, shi ta yi wa mutanen Polan.

Ƴaƴanta mata kuma ta aurar da su don amfanin sarauta, ko suna so ko ba su so. Ƙaramarsu, Mari Antuwanet, tana da shekara 14 aka kai ta Faransa a 1770. Ta zama sarauniyar Faransa, amma a 1793, lokacin juyin juya hali, aka yanke mata hukuncin kisa.

5. Takaba da rasuwa

Mijinta Faransuwa ya rasu farat ɗaya ran 18 ga watan Agusta na 1765, suna wajen bikin auren ɗansu. Mutuwar nan ta girgiza ta. Ta yanke gashin kanta, ta ajiye kayan ado, ta sa baƙaƙen tufafi. Ba ta sake fita daga takaba ba har ƙarshen ranta. Lulluɓin da ake gani bisa liyari, lulluɓin takaba ne.

Ta ci gaba da mulki tare da babban ɗanta Jozef na biyu. Sau da yawa ra'ayinsu kan saɓa, don shi yana son sauyi da gaggawa, ita kuwa tana son a bi sannu. Ta rasu a Biyana ran 29 ga watan Nuwamba na 1780, tana da shekara 63, bayan ta yi shekara 40 bisa gadon sarauta. An binne ta tare da mijinta.

6. Gadon Rumawa bisa kuɗinta

Rubutun da ya kewaye hotonta da Latinanci aka yi shi, harshen Rumawan da. Bayan sunanta, an kira ta sarauniyar Rumawa, da ta Hangari da ta Bohemiya. Me ya haɗa matar Biyana da Rum?

Daular Rum ta yamma ta faɗi tun shekara ta 476. Amma daga baya sarakunan Jamus suka ce su ne magadanta. Sukan zaɓi babban sarki guda su kira shi Kaisar. Mace ba ta samun wannan sarauta, saboda haka mijinta aka zaɓa a 1745, ita kuma ta sami laƙabin ta wajensa. Gaggafar ma daga Rumawa aka gaje ta, don ita ce alamar rundunoninsu.

Rumawa suna da kuɗin azurfa da suke kira denariyus. Sun fara buga shi wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙarami ne, nauyinsa giram 4 ko kusa da haka. Da farko hoton gumakansu suke sawa. A fuska ɗaya akwai kan wata mace da hular ƙarfe, alamar birnin Rum, a ɗaya fuskar kuma tagwayen mahaya. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuliyus Kaisar ya sa aka buga fuskarsa bisa denariyus tun yana da rai. Ba a saba yin haka a birnin Rum ba, mutane da yawa suka ga yana son ya mai da kansa sarki. Cikin wannan shekara aka kashe shi. Amma magajinsa Agustus da sarakunan da suka biyo baya duk suka riƙe al'adar.

A zamanin da babu jarida, babu rediyo, kuɗi ne ke kai labarin sarki ko'ina. Manomi a Masar ko soja a Ingila bai taɓa ganin sarki ba, amma ya san fuskarsa. A bayan kuɗin akan zana abin da sarki ke so a sani: nasarar yaƙi, ko sabon gini, ko zangarniyar alkama, alamar ƙoshi. Akan sa hoton matan sarakuna ma. Tsarin da ke bisa liyari, wato kai yana duban gefe, suna da laƙabi sun kewaye shi, tsarin denariyus ne.

Sai dai sarakunan Rum sun ɓata kuɗinsu da hannunsu. In sun rasa abin biyan sojoji, sai su rage azurfa su ƙara jan ƙarfe. Sarki Neron ya yi haka a shekara ta 64, na bayansa suka ƙara. Wajen shekara ta 270, kuɗin da ake cewa na azurfa bai ƙunshi ko kashi 5 cikin 100 na azurfa ba. Mutane suka daina yarda da shi, kaya suka yi tsada.

Sunan denariyus bai mutu ba. Larabawa suka ɗauke shi suka ce dinar, suka sa wa kuɗinsu na zinariya. Wajen shekara ta 697 Halifa Abdulmalik ya buga dinari marar hoto, rubutu kawai. Daga kalmar dinar ce Hausawa suka sami kalmar zinariya.

7. Yadda liyari ya zo ƙasar Hausa

An fara buga kuɗi da hoton Mariya Tereza a 1741. A ƙasarta sunansa tala. Daga baya aka tsai da ma'auninsa: nauyi giram 28, kuma cikin kashi 1000, kashi 833 azurfa ce tsantsa. A bakinsa, kewaye, an buga takenta, kalmomi biyu masu nufin adalci da rangwame. Rubutun bakin nan yana da amfani, don in ɓarawo ya kankare azurfa daga gefe, nan da nan za a gane.

Fatake suka riƙa kai shi ƙasashen Turkawa da Larabawa, suna sayen gahawa da alharini da auduga. Nagari na kowa. Ƴan kasuwa suka ga ba a taɓa rage azurfarsa ba, suka amince da shi. Da sarauniya ta rasu, suka ƙi karɓar wani kuɗi mai sabuwar fuska. Sai aka ci gaba da buga nata, ba a sauya hoto ba, ba a sauya shekara ba. Shi ya sa liyarin da ke ɗauke da 1780 yana iya zama an buga shi shekara ɗari ko ɗari biyu bayan haka. A Ostiriya an daina ciniki da shi a 1858, amma a Habasha da Yaman ya daɗe yana aiki. Da Ingilishi suka kai yaƙi Habasha a 1868, sai da suka sayo shi daga Biyana, don da shi ne mutane ke yarda su sayar musu da abinci. Daga 1935 an buga shi a Rum da Landan da Paris da Bombai. Jimillar wanda aka buga ta wuce miliyan 300.

Ta hamada ya iso ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma kan ɗauko shi daga Tarabulus, su biyo ta Gadamas da Gat zuwa Agadas da Damagaram da Kano, ko su bi ta Murzuk da Bilma zuwa Kukawa ta Barno. A lokacin nan wuri ne kuɗin Hausawa. Wani Bajamushe matafiyi, Hainirish Bart, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a 1851. Ya rubuta cewa a Kano liyari ɗaya yana daidai da wuri 2,500. A Tasawa kuma ya ga yadda mutane suka taru suna ƙirga wuri 500,000 da hannu. A kan farashin Kano, liyari 200 ke nan, abin da mutum guda zai ɗauka cikin jaka. Shi ya sa manyan fatake ke son sa wajen cinikin dawaki da turkudi da hauren giwa. Abin baƙin ciki, da shi aka yi cinikin bayi ma.

Da Turawa suka ci ƙasa a farkon ƙarni na 20, suka kawo kuɗinsu, suka ce da shi za a biya haraji. Wuri da liyari suka fita daga kasuwa. Liyari ya koma hannun maƙera da mata. Wasu suka huda shi suka rataya a wuya, wasu suka ba da shi aka narkar. A ƙasar Dakoro da Birnin Lalle, tsohon birnin Gobirawa, inda Hausawa da Buzaye da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, kayan azurfa ado ne kuma ajiya ne. In shekara ta yi kyau a saya, in fari ya zo a sayar a sayi hatsi.

Sunan kuɗin ma ya bar baya. Daga kalmar tala aka sami sunan dalar Amurka. Faransawa kuma sun zo da wata babbar azurfa ta tamma 5, mai nauyin giram 25, wadda ta yi kama da liyari. Hausawa suka kira ta dala. A 1945 aka kafa kuɗin sefa, amma lissafin bai sauya ba. Har yau a kasuwannin Nijar tamma 5 ita ce dala ɗaya, tamma 100 dala ashirin, tamma 500 dala ɗari.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Mariya Tereza, kuma shekararta nawa lokacin da ta hau gadon sarauta?
2. Me ya sa maƙwabta suka kawo mata yaƙi a 1740?
3. Me dokar 1774 ta ce game da yara maza da mata?
4. Ku faɗi abu biyu na alheri da ta yi, da abu biyu na zalunci.
5. Me ya sa mutane suka daina yarda da kuɗin Rumawa, amma suka amince da liyari?
6. Daga ina kalmar zinariya ta fito?

Lissafi

1. In liyari ɗaya wuri 2,500 ne, liyari nawa ke cikin wuri 20,000?
2. Liyari ɗaya giram 28 ne. Nawa ne nauyin liyari 200?
3. Dala nawa ke cikin jika ɗaya?

Aiki

Ku tambayi wani tsoho ko maƙerin unguwarku ko ya taɓa ganin liyari. In an samu, ku ɗora takarda bisansa, ku goga fensir a hankali har hoton ya fito. Ku yi haka da dala biyar ta yanzu, sa'an nan ku gwada hotunan biyu.